Tafkin Elgigitgin na ƙuryar Rasha: bakin aman wuta ne ko ramin dutsen sama?

Abban_Taswira:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masu ilimin labarin ƙasa ce. Duk wanda ya buɗe hoton tauraron ɗan'adam ya nufi ƙuryar arewa maso gabashin Rasha, yankin Chukotka da ke fuskantar Alaska, zai ga wani tafki shi kaɗai a tsakiyar duwatsu, zagaye, ba gari ba hanya a kusa da shi. Sunansa Elgigitgin. Duwatsu sun yi masa ƙawanya, sai kafa ɗaya ta wajen kudu inda ruwa ke fita. Ni a ganina bakin dutse mai aman wuta ne da ya mutu ruwa ya cika shi, don ban ga abin da zai yanka rami zagaye haka ba in ba wuta daga cikin ƙasa ba. Wani abokin aikina kuwa ya dage cewa dutse ne ya faɗo daga sama. Wa ke da gaskiya a cikinmu? Sannan a irin wannan sanyi, ruwan bai daskare har ƙasa ba? Akwai mai rai a ciki?

Sadauki_Gusau:
Wa alaikumus salam. Ina bayanka Malam Abba. Gabashin Rasha ai gidan aman wuta ne, ga Kamchatka nan a kudu da wurin, har yau duwatsunta suna hayaƙi.

Malama_LabarinKasa:
Malam Abba, abokin aikinka ne ke kan daidai, sai dai tunaninka ma yana da tushe. Masanin duwatsu na Rasha Sergei Obruchev da ya hango tafkin daga jirgin sama a 1933, shi ma aman wuta ya ɗauka. Duwatsun yankin gaba ɗaya na tsohon aman wuta ne da ya sandare sama da shekara miliyan 80 da suka wuce. To amma ramin shi ba tsoho ba ne haka, shekarunsa kimanin miliyan 3.6 ne. Wato wutar ta daɗe da mutuwa kafin ramin ya samu. A ƙarshen shekarun 1970 ne Yevgeny Gurov da abokan aikinsa suka je suka ɗebo duwatsu, suka tabbatar da cewa wani abu ne ya faɗo daga sararin samaniya ya daki wurin.

Ga girman wurin don mu san abin da muke magana a kai. Faɗin ramin daga baki zuwa baki kilomita 18 ne. Tafkin da ke ciki faɗinsa kimanin kilomita 12, shimfiɗar ruwansa murabba'in kilomita 110, zurfinsa a tsakiya kusan mita 175. Saman ruwan yana mita 492 sama da teku. Yana kimanin kilomita 100 arewa da da'irar Aktik, wato layin da ke zagaye ƙuryar arewacin duniya a taswira, kuma daga Anadir, babban birnin yankin, akwai tazarar kusan kilomita 390. Ƙananan rafuka wajen 50 ne ke gangarowa daga duwatsun su zuba a ciki, kogi ɗaya tak ke fita, Enmivaam, ya shiga kogin Belaya, daga nan kogin Anadir, har tekun Bering.

Sadauki_Gusau:
Malama, da girmamawa, ta yaya mutum zai ɗauki dutse a hannu ya ce wannan duka ya sha, wancan kuma wuta ce ta toya shi? In duwatsun wurin na aman wuta ne kamar yadda kika faɗa da bakinki, ai hujjar tana wajenmu.

Dalibin_Duwatsu:
Yaya Sadauki, tambayarka ita ce ta wahalar da masana a wannan rami musamman, domin shi kaɗai aka sani a duniya da dutsen sama ya faɗa kan irin waɗannan duwatsun aman wuta masu yawan silika, sinadarin da ya fi yawa a cikin yashi. Ga yadda ake rabewa. Ana yanka dutsen siriri har haske ya iya ratsa shi, a sa a madubin ƙara girma. A cikin ƙwayoyin farin dutsen nan da ake kira kwaz, in duka mai tsanani ya ratsa su, sai a ga wasu layuka miƙaƙƙu a jere suna gilma juna. Matsin da ke yin waɗannan layuka ya fi ƙarfin duk wani aman wuta. A wuri biyu kawai ake samunsu: inda dutsen sama ya faɗo, da inda aka gwada makamin nukiliya. An same su a Elgigitgin, an kuma sami guntayen dutse da ya narke ya koma gilashi an watsa su har wajen ramin.

Maganar zagaye kuma da Malam Abba ya kawo, abin da ke faɗowa da gudun kilomita goma sha wani abu a daƙiƙa ɗaya ba huda ƙasa yake yi ba, fashewa yake yi. Fashewa kuwa ko'ina take turawa daidai, shi ya sa ko a karkace ya zo ramin kan fito zagaye. Duwatsun da kuke gani sun kewaye tafkin su ne leɓen ramin, ƙasar da aka ɗaga aka kifar. Tsayinsu daga mita 600 zuwa 900 da ɗoriya sama da teku, wato mafi tsawonsu bai wuce mita 400 da 'yan kai sama da ruwan ba. Ruwa da sanyi sun daɗe suna cin su.

Dan_Zango_Kumasi:
Allah Ya saka da alheri ɗalibi. Ku da ke Najeriya kuna leƙen ƙarshen duniya, mu nan Kumasi muna da irinsa a bayan gida. Tafkin Bosumtwi, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da gari. Shi ma dutsen sama ne ya yi shi, shekara miliyan 1 da 'yan kai, faɗin ramin kilomita 10.5, ruwan kuma wajen kilomita 8. In ka je, mota sai ta yi ta hawa tudu tana nishi, ka kai ƙoli, sai kawai ka ga ruwa shimfiɗe can ƙasa, tuddai sun zagaye shi. Da na karanta bayanin Malama sai na ga kamar wurin take siffantawa, in ka cire daji da zafi. Bambancin da na lura, namu ba shi da kogin da ke fita, ruwan sama ne ke cika shi rana ta shanye. Masuntan wurin kuma a kan faffaɗan katako suke hawa suna tuƙi da hannu, bisa al'adar Asante.

Masunci_Yauri:
Ni sana'ata ruwa ce, karatuna bai yi nisa ba. Ku amsa ɗaya tambayar ta Malam Abba. Wurin da sanyi ya kai haka, me zai hana ruwa zama dutse tun daga sama har ƙasa? In ya zama, kifi ya shiga ina?

Umman_Fatima:
Na taɓa ji cewa tafkunan can ƙanƙararsu ba ta narkewa sam, shekara da shekaru.

Hajiya_Kimiyya:
Umman Fatima, wannan yana narkewa, sai dai na ɗan lokaci. Ƙanƙara kan rufe shi a watan Oktoba, ba ta gama watsewa sai Yuli. Kusan wata tara ke nan a rufe. Ko a tsakiyar bazararsu ruwan ba ya wuce digiri 4.

Baba Masunci, amsarka tana cikin wata hikima da Allah Ya sa a ruwa. Yawancin abubuwa in sun daskare nauyi suke ƙarawa su nutse. Ruwa shi ya fi nauyi ne a digiri 4, in ya yi sanyi ƙasa da haka sai ya fara sauƙi ya taso sama, ƙanƙara kuma ba ta kai ruwa nauyi ba, sai ta tsaya a bisa. Da zarar ta yi kauri sai ta tare sanyin iska daga ruwan da ke ƙarƙashi. A Elgigitgin kaurinta kan kai mita 2 a ƙarshen hunturu. Cire 2 daga 175, ka ga sauran duk ruwa ne. Kuma fa ana maganar wurin da matsakaicin yanayin shekara digiri 10 ne ƙasa da sifili, a hunturu ya kai 40 ƙasa da sifili. Ƙasar da ke kewaye da tafkin a daskare take zurfin mita ɗaruruwa, rani da damina, saman kawai ke ɗan saki. Amma ƙarƙashin tafkin ba ta daskare ba, ruwan ne ya kare ta.

Bello_a_Sibiriya:
Na shaida maganar Hajiya da idona. Ina karatu a wani gari a Sibiriya, nesa ƙwarai da Chukotka, amma kogin garinmu haka yake yi. Lokacin da na fara taka shi a hunturu ƙafafuna rawa suke yi, ga mutane zaune a kan 'yan kujeru a tsakiyar kogi, kowa ya huda rami da abin murzawa ya zura ƙugiya, suna ciro kifi da ransa. Kifin na faɗowa kan ƙanƙara ba ya daɗewa yake sandarewa. A wasu wurare har manyan motoci ke bi ta kan kogi, hukuma ta auna kauri ta kafa allon nauyin da aka yarda. Chukotka kuwa su kansu Rashawa nesa suke ɗaukarta. Ɗan ƙasar waje sai da izini na musamman yake shiga, kuma agogonsu yana gaban na Najeriya da awa 11.

Masunci_Yauri:
Ikon Allah. To wane irin kifi ne a ciki? Mu nan karfasa da tarwaɗa ko sanyin hunturu ya yi yawa sai su lafe su daina cin ƙugiya.

Hajiya_Kimiyya:
Dangin kifin salmon ne masu son sanyi, iri uku ne suka shahara a tafkin. Akwai babba mai cin 'yan'uwansa, akwai ƙarami mai ƙaramin baki, sai na uku mai dogayen fukafukai da ke zama can cikin zurfi inda haske bai cika kaiwa ba. Na biyu da na uku ba a san su a ko'ina a duniya ba sai a wannan tafki. Mai dogayen fukafukan sai a 1990 masana biyu, Chereshnev da Skopets, suka bayyana shi a rubuce. Abinci ya yi ƙaranci a ruwan, don haka girmansa a hankali ne ƙwarai, zai iya shekara 20 zuwa 30 bai kai tsawon kamu ɗaya ba. Baba, da za a sa taru a irin wannan ruwa yadda ake sawa a Neja, cikin 'yan shekaru za a ƙarar da shi. Yana cikin jerin halittun da Rasha ta hana kamawa.

Almajirin_Zaure:
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce. An ce wurin yana arewa da da'irar Aktik. Ke nan akwai lokacin da rana ba ta faɗuwa? Musulmin da ya je aiki can yaya zai yi da salla da azumi?

Bello_a_Sibiriya:
Haka ne, a daidai inda tafkin yake rana kan yi makonni a Yuni zuwa Yuli ba ta faɗi ba, a Disamba kuma takan yi kwanaki ba ta fito ba. Kuma akwai Musulmi da ke rayuwa a arewa da haka ma. Birnin Norilsk yana da masallaci, Nurd Kamal, tun 1998.

Ustaz_Tudun_Wada:
Malamai sun yi magana a kan wannan. Asalin hukuncin hadisin Dujal ne a Sahihu Muslim, inda sahabbai suka tambaya game da yinin da zai yi tsawon shekara, ko sallar yini ɗaya ta isa, Annabi (SAW) ya ce a'a, a ƙaddara masa lokacinsa. Daga nan wasu suka ce a bi lokutan gari mafi kusa da dare da rana ke rabuwa a cikinsa, wasu suka ce a bi na Makka. Wanda abin ya shafa ya tambayi malaman wurin da yake.

Mai_Kula_da_Zaure:
Mun gode Ustaz. Mai son faɗaɗa wannan ya buɗe masa zare daban. A koma kan tafki.

Malama_LabarinKasa:
Abin da ya fi ramin da kifin muhimmanci a wurina ba a taɓo shi ba tukuna, wato lakar da ke kwance a ƙasan tafkin. Tun da ramin ya cika da ruwa, kowace shekara ƙura da ƙurar furanni da gawar ƙananan halittun ruwa suna sauka su kwanta, sabo a kan tsoho. A yawancin ƙasashen arewa irin wannan ajiya ba ta daɗewa. A zamunan ƙanƙara, tulin ƙanƙara mai kaurin kilomitoci ya rufe Kanada da arewacin Turai, yana tafiya yana kankare duk abin da ke ƙarƙashinsa. Shi ya sa galibin tafkunan can lakarsu ba ta wuce ta shekara dubu goma sha wani abu ba. Elgigitgin shi wannan tulin bai taɓa hawa kansa ba. Lakarsa tana nan a jere tun daga shekara miliyan 3.6, kuma babu wani wuri a doron ƙasar Aktik da aka sami jeri mai tsawo haka ba yankewa.

An fara ciro ta a 1998, mita 13, aka ga ta kai shekara dubu 250. Wannan ya sa aka shirya babban haƙa a farkon 2009, haɗin gwiwar Amurka da Jamus da Rasha da Ostiriya, ƙarƙashin Julie Brigham-Grette ta Jami'ar Massachusetts, Martin Melles na Jami'ar Kolon, Pavel Minyuk na Magadan, da Christian Koeberl na Biyana. Sun ratsa laka mita 318, suka shiga farfasasshen dutsen da dukan ya bari, har mita 517 ƙasa da gindin tafkin.

Injiniya_Burtsatse:
Malama tsaya. Ni aikina ke nan, haƙar burtsatse. Injin da zai sauke rodi mita 500 ba abin wasa ba ne, balle a ƙara zurfin ruwa a kai. A ina suka girke shi? Ta ina ma ya isa wurin da aka ce ba hanya?

Malama_LabarinKasa:
A kan ƙanƙarar tafkin suka girke shi, Injiniya, inda zurfin ruwa ya kai mita 170. An ƙera injin a Amurka, aka kawo shi ta ruwa har tashar Pevek da ke bakin tekun Aktik a bazarar 2008. Da hunturu ya kama ƙasa ta yi tauri, aka ja kayan a manyan motoci da katafila tafiyar sama da kilomita 350. Dandalin haƙar nauyinsa kusan tan 100, ƙanƙarar kuwa ba za ta ɗauka ba, sai suka riƙa share dusar da ke kai suna zuƙo ruwan tafkin suna malala shi a sama yana daskarewa, har kaurin ya kai kimanin mita 2.3. Dole su gama kafin ƙanƙara ta fara saki a watan Mayu.

Injiniya_Burtsatse:
Na jinjina musu. Kuma yanzu na gane maganar laka. Mu ma in muna haƙa, abin da ke fitowa daga rami shi ke gaya mana inda muke: jar ƙasa, marmara, yumɓu, yashi mai laushi, tsakuwa, sannan fa. Tsohon mai haƙar rijiya yana murza ƙasa a hannu ya ce maka nan dā kogi ya bi. Bambancin kawai, mu niƙe ƙasar muke yi ruwa ya wanko ta a gauraye, su kuma bututu suke turawa ya yanko ta a miƙe ba ta motsa ba. Amma abu ɗaya bai shige ni ba. Wurin da ya fi Turai sanyi, ta yaya ƙanƙara ta rufe Turai ta bar shi?

Dalibin_Duwatsu:
Rashin ruwan sama ne, Injiniya. Tulin ƙanƙara ba sanyi kaɗai yake bukata ba, sai dusa ta riƙa zuba fiye da yadda take narkewa. Yankin tafkin busasshe ne, abin da ke sauka a shekara, ruwa da dusa a haɗe, bai kai na Kano ko kusa ba, ya fi kama da na bakin Sahara. A zamanin ƙanƙara ma ya fi haka bushewa, don teku ya janye da kusan mita 120, mashigin Bering ya zama tudu, ana iya takawa daga Chukotka zuwa Alaska. Teku ya yi nisa, danshi ya ragu. An sami ƙanƙara a wasu tsaunukan yankin, amma ba ta kai ga ramin ba.

Baban_Khadija:
Ni duk waɗannan miliyoyin shekaru da ake ta ambata ne ban gamsu da su ba. Wa ya zauna ya ƙirga?

Dalibin_Duwatsu:
Baba, ba a kan hanya ɗaya aka dogara ba. Dutsen da ya narke ranar dukan yana ɗauke da sinadarin da ke rikiɗa zuwa iskar argon a kan ƙa'ida sananniya, a auna a san tun yaushe ya sandare. Ita kuma laka, ƙwayoyin ƙarfe da ke cikinta suna kwanciya ne suna fuskantar inda maganaɗisun duniya ya nuna a lokacin. Maganaɗisun ya sha juyawa, arewa ta koma kudu, na ƙarshe kimanin shekara dubu 780 da suka wuce, kuma an san lokutan juyawar daga duwatsu da ƙasan teku a wasu wurare. Aka bi lakar Elgigitgin aka ga juye-juyen nan a jere yadda ake tsammani. Hanyoyi biyu daban-daban suka ba da amsa ɗaya.

Malama_LabarinKasa:
Ga abin da aka karanta a ciki. Yau ba bishiya a bakin tafkin, sai gansakuka da ciyawa da gajerun tsirrai, daji mafi kusa yana wajen kilomita 150. Amma lakar ƙasa-ƙasa, ta shekara miliyan 3.6 zuwa 3.4, cike take da ƙurar furannin manyan itatuwan daji. Lissafin da aka buga a mujallar Science a 2013 ya nuna bazarar wancan lokaci ta fi ta yau zafi da kusan digiri 8, alhali iskar kabon a sama tana wajen kashi 400 cikin miliyan. A watan Mayun shekarar nan ta 2013 ne ma'aunin kabon da ke dutsen Mauna Loa a Hawaii ya fara nuna 400, yanzu mun haura 420. Kafin zamanin masana'antu 280 ne. Sannan ko bayan an shiga zamunan ƙanƙara, an sami wasu lokuta, kamar shekara dubu 400 da kuma miliyan 1.1 da suka wuce, da zafin bazara ya fi na zamaninmu da digiri 4 zuwa 5. A lokutan tsananin sanyi kuwa, Umman Fatima, maganarki ta tabbata: ƙanƙara takan rufe tafkin shekara da shekaru ba ta buɗe ba, iskar shaƙa ta ƙare a ƙasa, lakar wannan lokaci ta fito baƙa mai siraran layuka.

Sadauki_Gusau:
To ai kin ba mu hujja da kanki Malama. In wurin ya yi daji ba mota ba masana'anta, ashe ɗumamar nan da ake ta ɗora wa ɗan'adam abu ne da duniya ta saba yi.

Hajiya_Kimiyya:
Ɗan'uwa, ba wanda ya ce yanayi bai taɓa sauyawa da kansa ba. Abin da lakar ta nuna shi ne yadda Aktik ke amsawa in kabon ya kai 400: daji ya maye gurbin ƙanƙara. A wancan zamani tekun duniya ya fi na yau tsayi da mitoci da yawa. Dā abin ya ɗauki dubban shekaru yana hawa, yanzu cikin shekara 200 muka kai shi. Wannan ya kamata ya dami mutumin Legas da Fatakwal.

Baban_Khadija:
Na ji bayanin ɗalibi, Allah Ya ƙara basira. Amma har yanzu ina ganin an kashe dukiya mai yawa don a san abin da ya wuce a inda ba kowa. Manomin da damina ta yaudare shi a bana, me lakar Rasha ta ƙara masa?

Dan_Zango_Kumasi:
Baba, shirin ƙasa da ƙasa da ya haƙa na Rasha shi ya haƙa Bosumtwi a 2004, kuma Koeberl ɗin da Malama ta ambata yana cikin jagororin aikin. Binciken lakar Bosumtwi da aka buga a 2009 ya nuna Afirka ta Yamma ta sha yin fari mai tsawon shekaru gommai har ɗaruruwa, ɗaya ya kama daga wajen 1400 zuwa 1750. Iyayenmu suna ba da labarin farin 1973 da na 1984 a matsayin mafi muni, laka ta ce an yi wanda ya fi su daɗewa nesa ba kusa ba. Mai tsara madatsar ruwa ko rumbun abinci na ƙasa ya kamata ya san wannan.

Mahamat_Njamena:
Mu ma a Chadi akwai ramukan dutsen sama, Aorounga da Gweni-Fada a arewa, sai dai busassu ne ba ruwa. Laka kuwa an ciro a tafkin Yoa na Ounianga, ta shekara 6,000, ta nuna yadda Sahara ta bushe sannu a hankali. Masanan Jami'ar Kolon ne ma suka yi aikin. Tafkin Chadi shi bai dace da irin wannan ba sosai, ba shi da zurfi, in ya janye iska ta kwashe abin da ya kwanta.

Baban_Khadija:
Na Ghana da na Chadi na yarda, a gida suke. Na Rasha dai ina nan kan bakana.

Yar_Agadas:
Baban Khadija ya ce inda ba kowa, Malama kuma ta fara tarihin da Baturen da ya hango daga jirgi. Mutanen Chukchi fa? Sunan tafkin ma da harshensu ne. Makiyaya ne, da barewar ƙanƙara suke yawo a waɗannan tuddai suna kafa tantin fata, kuma an tsinci kayan aikin dutse na mutanen dā a bakin tafkin. Mu da muka tashi kusa da hamada mun san yadda ake kiran wuri kango alhali makiyayi ya san kowace rijiya a cikinsa. Chukotka ta kai murabba'in kilomita dubu 720, mutanenta wajen dubu 50, amma mutane ne.

Abban_Taswira:
Na gode wa kowa, na ƙaru ƙwarai. Layukan cikin kwaz da bambancin shekarun duwatsu da na ramin sun gamsar da ni. Saura abu ɗaya. In dutse ne ya faɗo har ya yi rami na kilomita 18, ina dutsen? An haƙa mita 517, an same shi?

Dalibin_Duwatsu:
Ba a same shi ba Malam, kuma ba a sa ran samu. An ƙiyasta faɗinsa kimanin kilomita 1, ramin ya ninka shi sau da yawa. Zafin karon ya narkar da shi, akasarinsa ya zama tururi ya watsu. Abin da ya rage ɗan burbushin sinadarai ne a cikin gilashin da farfasasshen dutsen, kaɗan ƙwarai, har masana sun rabu a kan ko wane irin dutsen sama ne.

Sadauki_Gusau:
Ka ji ko. Ba a ga dutse ba, kuma su da kansu sun rabu. Ni zan bar ƙofa a buɗe.

Dalibin_Duwatsu:
Sun rabu a kan irinsa ne Yaya, ba a kan faɗowarsa ba.

Masunci_Yauri:
Ni kogin nan da ke fita ne ya tsaya mini a rai. Ruwa in ya sami kafa yana cin ta ne kullum. Ba wata rana zai zurfafa ta tafkin ya tsiyaye ba?

Malama_LabarinKasa:
Ya riga ya ci wani abu Baba. A jikin tuddan akwai alamun tsofaffin gaɓoɓi, ɗaya a mita 35 zuwa 40 sama da ruwan yau, wata a mita 9 zuwa 11, wata a 3 zuwa 5, akwai kuma wata a ƙarƙashin ruwa wajen mita 10, ta lokacin da tafkin ya ja baya har kogin ya daina fita. Amma Enmivaam 'yan watanni kawai yake gudu a shekara, sauran lokaci a daskare yake, kuma igiyar ruwa takan tara tsakuwa a bakin kafar ta toshe ta sai ruwa ya ƙaru ya ɓalle. Ta ɗaya gefen kuma rafukan nan 50 suna ta zuba yashi da tsakuwa, musamman ta yamma inda suka riga suka cike wani yanki mai faɗi na ramin, shi ya sa a hoto za ka ga tafkin ya karkata gabas, bai zauna a tsakiya daidai ba.